Mai kwali ko mai gado: wa zan ɗauka ya koya wa yara rawa da wasan waƙa?

Maman_Nana_Kd:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina da 'yar makarantar firamare mai zaman kanta a Kaduna, yaranmu ba su kai ɗari uku ba. Shekara uku ke nan duk bikin yaye ɗalibai sai mun yi wasan kwaikwayo mai waƙa da rawar gargajiya a ciki, iyaye kuma suna so ƙwarai. Da haya muke ɗauko mai koyarwa na mako biyu. Bana na ce gara in ɗauki malami na dindindin, ya riƙe darasin al'adu da fasaha, ya kuma shirya mana wasan.

Mutum biyu suka zo. Ɗaya yarinya ce, ta yi digiri a fannin wasan kwaikwayo, ta gama hidimar ƙasa bara. Ɗayan dattijo ne, ya doshi sittin, ya yi shekara ashirin da wani abu a ƙungiyar rawa ta gwamnatin jiha, ko takardar sakandare ba shi da ita. Na ba kowannensu minti arba'in da 'yan aji huɗu. Ita ta zo da tsarin darasi a rubuce, kafin a tashi ta haddace sunan kusan kowane yaro, amma da aka zo wajen taku sai ta kunna musu bidiyo a waya. Shi ko biro bai riƙe ba. Da tafi da bakinsa kawai ya sa yara talatin suna ɗaga ƙafa suna saukewa lokaci guda. Sai dai ya daka wa wata yarinya tsawa har ta yi kuka.

Albashin mutum ɗaya nake da shi. Wai su malaman wannan fanni daga ina suke fitowa ne? Me ake karantawa? Wanne zan ɗauka?

Abu_Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni wannan fannin na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello. A can an fara koyar da shi tun 1975, zamanin wani Bature Michael Etherton, kuma ɗakin wasan na laka ne, an gina shi kamar gidan Bahaushe, zaure da ɗakuna kewaye da fili. Abin da nake so ki gane shi ne, digirin yana da faɗi. Akwai tarihin wasa, rubutun wasa, ba da umarni, fitilu da kayan ado, wasan wayar da kan al'umma wanda ake fita ƙauyuka a yi, sannan rawa da kiɗa. Rawa kwasa-kwasai ne 'yan kaɗan a cikin shekara huɗu. Wani zai rungume ta ya ƙware har aikinsa na ƙarshe ya zama a kanta, wani kuma zai yi iya abin da zai ci jarrabawa ya koma wajen rubutu. Duk kwali iri ɗaya za a ba su. Ki tambayi yarinyar nan a kan me ta yi aikinta na shekarar ƙarshe, nan za ki san ko wace ce.

Sadiya_Malama:
Ki ɗauki mai takarda. Ranar da masu duba makarantu suka zo ba taku za su tambaye ki ba, fayil za su buɗe. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya NCE ce, sannan ga rajista da hukumar malamai ta TRCN. Ita ma yarinyar idan ba ta yi ilimin koyarwa ba sai ta ƙara da difilomar koyarwa ta PGDE, amma dai tana kan hanya. Kuma darasin al'adu da fasaha a manhaja ya haɗa zane da kiɗa da wasa da rawa, akwai jarrabawa a rubuce. Baban nan wa zai rubuta masa tambayoyi, wa zai cike masa sakamako?

Ɗan_Sarkin_Kiɗa:
Malama Sadiya, maganarki gaskiya ce amma ta taɓa mini wani tabo. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, makaɗin kalangu ne, ya gada wajen kakanmu. Wata babbar makaranta ta ɗauke shi aiki yana kaɗa wa ɗalibai lokacin darasin rawa. Shekara ashirin da shida ya yi a wurin. Malamin darasin zai zo ya yi bayani a allo, idan aka fito fili sai ya ce "Baba, nuna musu." Baba ne zai gyara wa wannan kafaɗa, ya ce wa wancan ka saurari ganga kafin ka motsa. Ɗaliban da ya koya wa wasu sun zama daktoci, wasu sun yi rubutu a kan abin da suka ji daga bakinsa. Shi kuwa har ya yi ritaya matsayinsa a takarda bai wuce na masinja ba.

A gidanmu ba a cewa yau za a fara darasi. Kana shekara biyar an rataya maka kuntukuru, kana bin manya gidan biki, kai ne ɗaukar kaya, kai ne amshi. Ka yi shekaru kana jin kari ɗaya kafin a bar ka ka taɓa babban kalangu. Wannan ma makaranta ce, kuma ta fi shekara huɗu. Hajiya, ban ce ki ɗauke shi don tausayi ba. Na ce dai kada a kira shi marar ilimi.

Sadiya_Malama:
Allah ya gafarta wa Baba. Wallahi ban ce marar ilimi ba ne, ɗan'uwa. Dokar aiki na faɗa.

Bazazzagi77:
Ai shi ya sa ABU ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Shi ma ba gado ya yi ba, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ke nan hanya uku ce: gado, makaranta, da wanda Allah ya ba shi ya kuma nace.

Mushe_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan abin ya bi ta wata hanya dabam. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samariyarta, kuma ana yin bikin matasa na ƙasa, jihohi suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Rawar da ake kira bale a wurinmu labari ne ake bayarwa da rawa da waƙa, kamar dai abin da Hajiya ke shiryawa. To su wa ke tsara shi? Galibi malaman lakwal ne, wato malaman boko da muke kira mushe. Mushe zai rubuta labarin ya tsara shiga da fita, makaɗan gari da tsofaffin mata su kawo kiɗan da takun. Yazi Dogo da duk mai jin Hausa a Nijar ya sani a wasan kwaikwayo, malamin makaranta ne asalinsa. Daga baya aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989, ga kuma makarantar horar da jami'an matasa da wasanni.

Abin da na gani da idona ina yaro shi ne, ba a taɓa raba mushe da makaɗi ba. Ɗaya ba ya iya aikin ɗaya.

Ummu_Khalil:
Ni tambayata dabam ce, ku yi haƙuri. Rawar nan maza da mata ake haɗawa? Ni uwa ce, kuma gaskiya idan na ji an ce malamin rawa gabana faɗuwa yake. Mun ga abin da ake yi a wasu bukukuwan makarantu, a sa wa yara ƙanana waƙar da ko babba zai ji kunyarta.

Maman_Nana_Kd:
Ummu Khalil, tambayarki a kan hanya take. Mata dabam maza dabam muke yi. 'Yan mata gaɗa da kiɗan ƙwarya, maza rawar noma da ta Koroso. Waƙoƙin kuma ni da kaina nake karanta baitocin kafin a koya wa kowa. Iyayen da ba su so, ba a tilasta wa 'ya'yansu, sai a ba su aikin ado ko karanta labari.

Malam_Na_Islamiyya:
Madalla da wannan tsari. Ina ƙara da cewa mu ma a Islamiyya muna da masu wannan aiki, ba dai mu kira su da sunan ba ne. Duk walimar sauka akwai malamar da ke tsara yara su jeru, su yi waƙe da amshi, su yi ɗan wasan kwaikwayo a kan tarbiyya. Babu wadda ta je jami'a don wannan. Daga malamarta ta gani. Abin da nake dubawa ga duk wanda zan ba yara, kafin ilimi, shi ne halinsa. Wannan tsawar da dattijon ya yi, a bincika: halinsa ne ko kuwa ranar ce kawai?

Kanawa_Dabo:
Tunda an ambaci Koroso, ai rawa ce ta kaka da kakanni, tun kafin zuwan Turawa. Irin wannan sai tsofaffi, yaran jami'a ba za su iya ba.

Abu_Samaru:
Yaya Kanawa, a nan kam zan ɗan gyara maka. Koroso yadda muka san ta yau ba ta kai haka tsufa ba. A farkon shekarun 1970 aka tsara ta a Kano don bukukuwan nuna al'adu, aka tsinto taku daga raye-rayen Hausa da na Fulani aka haɗa, sunan kuma daga kacau-kacau ɗin da ake ɗaurawa a ƙafa ne. Kayan tsofaffi ne, ɗinkin sabo ne. Kuma wannan ya shafi tambayar Hajiya kai tsaye, domin wani ne ya zauna ya ce wannan taku zai biyo bayan wancan, mutum kaza a gaba, a gama cikin minti kaza. Wannan tsarawar sana'a ce mai zaman kanta. Dattijon da ya yi shekara ashirin a ƙungiyar jiha ba ɗan gado zalla ba ne, ya yi aiki a ƙarƙashin masu tsarawa, ya san dandamali, wataƙila ma ya je bikin al'adu na ƙasa da ake yi tun 1970. Ƙungiyoyin jihohi, irin ta Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, su ma makaranta ce da ta yaye masu koyar da rawar gargajiya a Arewa, ko da ba su ba da kwali.

Kanawa_Dabo:
To na karɓa. Ni dai tun ina yaro nake ganinta, na ɗauka haka aka gada.

Zango_Kumasi:
Salam 'yan'uwa. A Gana wannan gardama an yi ta tun zamanin Nkrumah. A 1962 aka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a cikin Jami'ar Gana da ke Legon, a hannun Farfesa Kwabena Nketia masanin kiɗa da Albert Mawere Opoku. Shi Opoku mai zane ne da farko, zane ya karanta ya kuma koyar, amma ya tashi a gidan sarautar Asante inda rawa da kiɗa suke cikin tarbiyya. Daga baya ya je Amurka ya ƙaro ilimin rawa. Abin da suka yi shi ne suka ɗauko manyan makaɗa daga yankuna, har da Dagomba na arewa masu lunga, wadda kusan kalangunmu ce, suka zaunar da su cikin jami'a suna koyarwa. Yau a Legon mutum na iya yin digiri a rawa kaɗai. Ɗan ƙanwata can ya gama, yanzu yana koyarwa a sakandare, ranar Asabar kuma yana da ajin yara.

Bakanuwa_a_Landan:
Bari in faɗi yadda yake a nan Ingila, ko zai yi amfani. 'Yata ta yi shekara huɗu tana zuwa ajin rawa da wasan waƙa a unguwarmu. Malamarsu ta fara rawa tana shekara huɗu, ta yi aiki a gidajen wasa har gwiwarta ta samu matsala tana wajen shekara talatin. Da ta dawo koyarwa, duk da ƙwarewarta, sai da ta koma ta yi kwas na koyarwa. Akwai hukumomi masu ba da wannan shaida, kamar Royal Academy of Dance da aka kafa a 1920, da ISTD wadda ta girme ta, tun 1904. Suna da manhaja mataki-mataki, yaro yana yin jarrabawa ya haye aji. A kwas ɗin ana koya musu yadda jikin yaro yake girma, wane motsi ne ƙashin ɗan shekara bakwai ba zai ɗauka ba, yadda ake ɗumama jiki kafin a fara. Sannan ba za ka tsaya gaban yara ba sai an binciki tarihinka an tabbatar ba ka da laifin cutar da yara.

A wasan waƙa kuwa abu uku ake nema ga ɗalibi, ya iya wasa, ya iya waƙa, ya iya rawa, kuma da wuya ka ga malami ɗaya yana koyar da ukun. Makarantar 'yata malamai uku ne, kowa da sa'arsa. Hajiya, aikin mutum uku kike nema wa mutum ɗaya, shi ya sa zaɓin ya yi miki wuya.

Ɗan_Sarkin_Kiɗa:
Anti ta Landan, maganar jikin yaro ta shige ni. Akwai ƙanena da aka sa shi tsalle da juyi irin na manya tun yana ƙarami, har yau bayansa na damunsa. A gida ba mu san wannan ba, sai a ce jarumta ce. Wannan kam ilimin makaranta ya fi mu.

Fim_Ɗin_Gobe:
Ku kuna ta tarihi. Hajiya ki nemo ɗaya daga yaran da ke ba da rawa a finafinan Hausa, cikin kwana uku zai haɗa miki abin da iyaye za su tashi tsaye.

Sadiya_Malama:
Kwana uku a gaban kyamara, inda ake yankewa a sake ɗauka sau goma, kuma da manya. Yaro ɗan aji uku a dandamali ba a yanke masa. Ban raina sana'arsu ba, akwai masu basira sosai a cikinsu, yawancinsu ma da kallo da nacewa suka koya. Amma shekara guda za a yi ana darasi, ba biki ɗaya ba.

Fim_Ɗin_Gobe:
To ai wanda ya koya da kallo ma yana iya zama malami. Ba ku ga yaron nan na Legas da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020 yana rawar bale irin ta Turawa cikin ruwan sama ba takalmi? Malaminsa, Daniel Ajala, a intanet ya koyi rawar, ya buɗe makaranta a 2017 yana koyar da yaran unguwa kyauta. Yaron har waje ya samu gurbin karatu.

Bakanuwa_a_Landan:
Haka ne, kuma abin a yaba ne. Amma ka lura, da dama ta samu, shi ma malamin ya nemi horo wajen ƙwararru. Bai tsaya a kan abin da ya gani a waya ba.

Nazari_Jos:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ina koyar da wannan fanni a wata kwalejin ilimi, kuma abin da na lura da shi shi ne kusan duk manyan malaman rawa da wasan waƙa ta wata ƙofa suka shigo. Hubert Ogunde na Najeriya malamin makaranta ne mai kaɗa ogan a coci, sannan ɗan sanda, kafin ya yi wasansa na farko mai waƙa a 1944, kuma shi aka damƙa wa haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa a shekarun 1980. Keita Fodeba na Gini, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawar ƙasarsu, malamin makaranta ne da ya fito daga kwalejin William Ponty. A Amurka, Katherine Dunham ilimin al'adun ɗan'adam ta karanta a Jami'ar Chicago, ta je Haiti ta zauna da mutane ta koyi rawarsu. Pearl Primus ilimin halittu ta yi, likita take son zama, ta zo Afirka a 1948 har Najeriya, ba ta samu digirin dakta ba sai 1978. Germaine Acogny 'yar Senegal ta buɗe ɗakin koyar da rawa a Dakar a 1968, ta shugabanci makarantar Mudra Afrique daga 1977 zuwa 1982, daga baya ta gina tata makarantar a Toubab Dialaw a bakin teku.

Dukansu abu biyu suka haɗa: sun zauna a gaban masu abin sun koya da jikinsu, sun kuma san yadda ake tsara shi a miƙa wa wani. Matsalarmu a kwalejoji ita ce ƙarin girma da takardu ake samu. Wanda ya rubuta maƙala a kan rawa yana gaba, wanda ya yi wata uku yana haɗa rawar da ɗalibai ba a ƙirga masa sosai. Shi ya sa matasan malamai suke gudun fili. Ni kaina sai da na yi shekara biyu ina zuwa gidan wani makaɗi duk Asabar kafin na ji na cancanci tsayawa gaban aji.

Mushe_Damagaram:
Malam Nazari, ƙaramin gyara: Acogny a ƙasar Benin aka haife ta, a 1944, tana ƙarama aka kai ta Senegal. Kakarta ma Bayarabiya ce. Sauran duk haka yake.

Nazari_Jos:
Na gode Mushe, gaskiyarka.

Hauwa_Mai_Gaɗa:
Ni ina jin kamar ni ce yarinyar da Hajiya ke magana, ko da yake ba ni ba ce. Na gama digiri a wannan fanni shekara biyar da suka wuce. Kafin in shiga sai da aka yi taron dangi a kaina, kawuna ya ce za a ce 'yarmu ta zama 'yar rawa, wa zai aure ta. Mahaifiyata ce ta tsaya mini. Da na fara koyarwa a wata makaranta, ranar farko na gane ban iya gaɗar da kakata ta iya ba, alhali na rubuta shafi sittin a kanta. Kunya ta kama ni. Na koma ƙauye hutun ƙarshen zango, na zauna da gwaggonnina, suka yi ta yi mini dariya suna gyara mini tafi. Yanzu ina da waƙoƙin gaɗa sama da arba'in a littafi, da yadda ake takun kowacce.

Don Allah Hajiya kada ki yanke mata hukunci da wayar nan da ta kunna. Ba ta samu wanda zai nuna mata ba ne. Kuma mata masu wannan aiki a Arewa ba mu da yawa, ga iyaye irin su Ummu Khalil hankalinsu ya fi kwanciya idan mace ce ke tare da 'ya'yansu mata. Albashin ma ba wani abu ba ne, makarantu da yawa ko mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba su biya, ni da ɗinki nake cikawa. Wadda ta zo neman aikin nan duk da haka, tana son sa ne.

Ummu_Khalil:
Gaskiya idan mace ce, ni ma zan bar tawa ta shiga.

Bazazzagi77:
To shi kuma Baba a bar shi ya tafi da abin da ke kansa? Irinsu fa ƙarewa suke yi. Ƙungiyoyin jihohi da yawa ba sa ɗaukar sababbi, waɗanda suka yi bikin al'adu na FESTAC a Legas a 1977 saura ƙalilan.

Maman_Nana_Kd:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta komai har sau biyu. Na kira yarinyar na yi mata tambayar Abu Samaru, ta ce aikinta na ƙarshe a kan rubutun wasan yara ne, rawa kuwa ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, sama-sama ta iya. Shi kuma Baba na aika a tambayi inda ya yi aiki, an ce mutumin kirki ne, faɗa ne dai da shi idan ana bita, haka aka horar da su. Abin da nake tunani yanzu, in ba ta aikin dindindin, shi kuma ya riƙa zuwa Talata da Alhamis ina biyansa na zuwa, da sharaɗin tana cikin ajin duk lokacin da yake koyarwa. Ban san ko zai yarda ba, kuma ban gama lissafin kuɗin ba.

Ɗan_Sarkin_Kiɗa:
Idan ya yarda, Hajiya, roƙona ɗaya: a gabatar da shi ga yara a matsayin Malam, kuma ranar biki a sa sunansa a takardar shiri kusa da nata.

Sadiya_Malama:
Ni har yanzu ina ganin kuɗin zai yi miki nauyi zuwa zango na biyu. Ki fara gwadawa na wata uku tukuna.

Hauwa_Mai_Gaɗa:
Hajiya, shekarar yaran da za su yi gaɗar nawa-nawa ne? Idan 'yan aji uku zuwa biyar ne zan turo miki waƙoƙi shida da suka dace da su, ki ba ta ta fara da su kafin Baba ya zo.